Yadda ake huda bangon gida a fitar da wayar wuta waje, ruwa bai biyo ta ba

Da zarar watan Maris ya kama a Sakkwato, ɗaki ya daina kwantuwa. Kowa ya fito da tabarma da katifa tsakar gida, sai a fara neman inda za a jona fanka. Wani fitila yake so a ƙofar gida, wani soket a zaure, wani ya haƙa burtsatse yana son kai wa injin ruwa wuta, wani kuma ya fitar da shago a jikin katanga zai sa firij. Abin da aka fi yi shi ne a zuro waya ta taga ko ta ƙarƙashin ƙofa, ƙarfen taga yana cin robarta kullum aka buɗe aka rufe. Wanda ya ɗan matsa sai ya sa a fasa bango da guduma da cizal, a tura waya tsirara, a toshe ramin da takardar buhun siminti.

Duk wannan aikin rani ne, shi ya sa ake mantawa da ruwa. Ramin da ka huda a watan Afrilu, a watan Agusta za ka san ko ka huda shi daidai. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa a yi su ana tuna damina da kuma zafin rana.

Tun farko a raba aikin gida biyu. Huda bango, sa bututu, jan waya da toshe rami, mai gida mai natsuwa zai iya. Haɗa wayar da akwatin bireka da gwada ta kuwa aikin mai wayarin ne wanda ya san sana'arsa, kuma hukumar NEMSA ce ke ba masu wannan aiki takardar shaida a Najeriya. Idan gidan haya ne a nemi izinin mai gida. Idan bangon na tarayya ne da maƙwabci, a yi masa magana kafin ya ji ƙarar inji a ɗakinsa. Wutar kuma a jawo ta daga layin da ya riga ya bi ta mita.

Me wayar za ta ɗauka?

Wannan tambayar ce ke yanke kaurin waya, kaurin waya kuma shi ke yanke faɗin rami. Fitila ɗaya ko biyu, waya mai murabba'in milimita 1.5 ta isa, da bireka mai amfiya 6 ko 10. Soket na fanka, talabijin da cajin waya yana son 2.5 da bireka mai 16 ko 20. Injin ruwa, na'urar sanyaya ɗaki ko shago mai firij, gara a ba su layinsu daban tun daga akwatin bireka, da waya mai 4 idan akwai nisa. Kada a ɗora su a bayan soket ɗin falo don kawai shi ne kusa da bangon.

Akwai abu biyu da ke sa na fi son a ƙara kauri a garin nan. Na farko zafi. Lissafin ƙarfin wayar da aka lulluɓe da robar PVC an yi shi ne a kan yanayi mai digiri 30. A digiri 40 abin da za ta iya ɗauka yana komawa kashi 87 cikin ɗari, a digiri 45 kuma kashi 79. Mu nan digiri 40 a inuwa ba labari ba ne a bazara, balle cikin bututun da ke manne da bangon yamma da la'asar. Na biyu nisa. Waya mai 2.5 tana zubar da kusan bolt 0.018 a kowace mita kan kowace amfiya. Injin da ke jan amfiya 10 a nisan mita 50 ya rasa bolt 9 ke nan kafin wuta ta iso shi, alhali wutar da ke shigowa unguwa sau da yawa ba ta cika 230 ɗin ba tun asali. Da waya mai 4 asarar ba ta wuce bolt 5 da rabi ba. Injin ruwan da ke aiki da raunanniyar wuta zafi yake yi har ya ƙone, kuma kuɗin naɗa shi ya fi bambancin kuɗin wayar.

In ka je kasuwa sayen waya, ka sa a fere maka bakinta ka kankare zaren da wuƙa. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki. Idan fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye musu. Duba sunan kamfani da kaurin waya a rubuce a jikin robar, da tambarin hukumar SON a kan naɗin. Siririyar wayar nan mai murɗe biyu da ake jona rediyo da ita ba ta da wuri a wannan aikin ko kaɗan. Layi uku za ka saya: mai wuta, ja ko ruwan ƙasa, nutural, baƙi ko shuɗi, da wayar ƙasa da masu wayarin ke ce wa at, kore ko kore da ɗorawa.

Sauran kaya: diril mai guduma, in an samu irin SDS ya fi, dogon bakin diril siriri mai milimita 8 ko 10 wanda tsawonsa ya kai santimita 40, babban baki mai 22 ko 25, bututun waya na PVC mai milimita 20, maɗauran bututu da fisha (robar da ake cusawa a ramin bango ta riƙe sukuru) da sukurori, akwatin waje mai murfi da roba a bakinsa, wanda aka rubuta IP65 ko IP66 a jikinsa, alamar yana hana ƙura da feshin ruwa shiga, silikon, ɗan siminti da yashi, tef na awo, tabarau da takunkumi. Ba lallai ka sayi diril ba, masu wayarin da masu sa tauraron ɗan'adam suna da shi, a kan ara ko a yi haya.

Zaɓen wurin rami

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Huda kanta minti goma ce.

Tsaya a cikin ɗaki ka dubi bangon. Wayoyin da aka binne a filasta yawanci suna tashi ne daga soket ko makunni su miƙe sama zuwa silin, wasu kuma su bi a kwance daga soket zuwa soket. Don haka kada ka huda daidai saman soket ko makunni, ko a layi ɗaya da shi a kwance, kuma ka bar tazarar santimita 15 daga silin da kusurwar ɗaki. Idan bayan bangon ko gefensa banɗaki ne ko kicin, ka nemi inda bututun ruwa ya bi. Akwai ƙaramar na'urar da ake gogawa a bango ta yi ƙara in ta ji ƙarfe ko waya mai wuta. Tana taimakawa, amma ba ta kai a tambayi wanda ya yi wayarin gidan ba, in yana nan.

Sai ka guji kankare. Saman kowace ƙofa da taga akwai linta, a gidaje da yawa ma ta zagaye ginin gaba ɗaya a wannan tsayin. Kusurwoyi kuma akwai fila. Dukansu rodi ne a ciki, kuma su ke riƙe da ginin. Ƙwanƙwasa bangon da ƙotar sukundireba: inda ya amsa da ƙarar kogo, ramin bulo ne, nan kake so, inda ya yi tauri ba amo, ko kankare ne ko haƙarƙarin bulo. Bulo mai inci tara tsawonsa santimita 45 ne, da kogo biyu a ciki, saboda haka in ka matsa rabin taƙi gefe daga haƙarƙarin za ka samu kogo. Layukan ƙasa na kusa da fandisho galibi an cika su da kankare, a bar su.

Yanzu fita waje ka dubi inda ramin zai ɓullo. Ka auna daga abin da ake gani ta ciki da waje, kamar gefen taga, don ƙasan ɗaki da ƙasan waje ba tsayinsu ɗaya ba. Kada ramin ya fito ƙarƙashin indararo ko inda ruwan kwano ke zuba. Kada ya yi ƙasa: ruwan da ke kwanciya a tsakar gida, tsalle-tsallen ruwan sama daga ƙasa, yara masu rarrafe da awakin da ke tauna duk abin da bakinsu ya kai, duka a ƙasa suke. Ni ba na son soket na waje ya gaza mita ɗaya daga ƙasa, a gidan yara ma ya fi haka. Fitila kuma daga mita 2 da ɗan wani abu zuwa sama.

Idan kana da zaɓi tsakanin bango biyu, bar na gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska ta koro ruwa a kwance ta maka shi a bangon, shi ya sa a tsofaffin unguwanni irin su Kanwuri da kewayen Hubbare bangon gabas ne ke fara zaizayewa. Bangon yamma kuma rana ce ke gasa shi. Wanda ke ƙarƙashin baranda ko inuwar rufi ya fi duka.

Kashe wuta

Kada ka ce ai an ɗauke wuta. Kaduna Electric ba za su yi maka sallama ba kafin su dawo da ita. Sauke babban makunnin gida. Mai canja layi tsakanin NEPA da janareto a mayar da shi tsakiya. In akwai sola, a kashe inbata, domin batir ba ya jiran rana. A faɗa wa mutanen gida, har yara, cewa kada wanda ya taɓa akwatin, in da hali a manna masa tef. Sannan a gwada soket mafi kusa da mitar gwaji. Testar nan mai kama da sukundireba tana yaudara, musamman a hasken rana inda ba a ganin ɗan jan haskenta.

To da me za a tayar da diril? Ko mai batir, ko a jona shi kai tsaye a jikin janareto da doguwar waya, ba ta cikin wayarin gida ba.

Huda

Auna kaurin bangon a bakin ƙofa ko taga. Bulo mai inci tara da filasta ciki da waje yana kaiwa santimita 25 zuwa 26, mai inci shida kuma kusan 18. Naɗa tef a jikin siririn bakin daidai inda ya rage santimita 3 ya ɓulla. Sa mutum ya tsaya a waje, gefe guda, ya kore yara da dabbobi.

Daga ciki za ka fara. Kashe gudumar diril ɗin, ɗora bakin a kan alama, huda a miƙe a hankali har ya ratsa filasta ya samu wurin zama. Sannan ka ɗaga gindin diril ɗin sama kaɗan, bakin ya sunkuya ƙasa, ka kunna guduma. Wannan sunkuyon shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Ramin ya zama kamar indararo, kansa a sama ta ciki, bakinsa a ƙasa ta waje, da bambancin kusan santimita 2 a faɗin bangon. Ramin da ya miƙe sak yana barin iska ta turo ruwa ciki. Wanda ya sunkuyo ciki kuwa, kowane ruwan da ya gangaro a bango zai bi shi har bayan soket, sai ka ga fenti yana kumbura, daga baya a fara jin wuta a jikin bango in an taɓa.

Kada ka danna da ƙarfi, bulon da ake bugawa yanzu da yawa ba shi da siminti sosai, nan da nan yake rugujewa. Bayan santimita kaɗan za ka ji bakin ya faɗa kogo. A nan mutane ke rasa sunkuyon, domin hannu yana sauka ba a sani ba. Riƙe diril ɗin yadda yake, tura a hankali har bakin ya taɓa ɗaya ɓangaren bulon, ka tabbata gindin yana sama, sannan ka ci gaba. Riƙa zaro bakin lokaci lokaci don ƙura ta fita ya kuma huce. Da tef ɗin ya iso bango, kashe guduma, ka ƙarasa da juyawa kawai. In ka bar guduma har ƙarshe, filastar waje za ta ɓalle da faɗin tafin hannu.

Idan bakin ya tsaya cak, ƙarar ta koma ta ƙarfe, ko ka ga ɓurɓushi mai ƙyalli, rodi ka samu. Tsaya. Kada a yanke shi. Toshe ramin da siminti ka matsa gefe. Idan ka ga ɓurɓushin roba fari ko ja, ko danshi, ka taɓa bututun waya ko na ruwa, kada a mayar da wuta sai an fasa wurin an gyara.

Siririn rami ya ɓulla, sai a sa babban baki. Huda rabi daga waje, wannan karon bakin yana kallon sama yana bin tsohon ramin, sannan ka koma ciki ka haɗe. Ta haka fuskokin biyu za su fita tsaf.

Ginin ƙasa hukuncinsa daban. Kaurinsa kan kai rabin mita ko fiye, musamman ta ƙasa, kuma guduma tana tsattsaga shi. A yi da juyawa kawai, in bakin bai kai ba a ƙarasa da dogon rodi mai kaifin baki ana murzawa da hannu. A nisanci inda kawunan azara suka zauna a bango. Sunkuyon a ƙara shi, domin ruwan da ya shiga cikin bangon ƙasa ba fenti kawai yake ɓatawa ba, bangon yake narkarwa daga ciki.

Bututu, sannan waya

Ba a tura waya tsirara cikin bulo. Gefen ramin yana da kaifi, waya kuma tana motsi da zafi da sanyi, yau da gobe robar ta cinye. Hure ƙurar ramin, yanke bututu wanda ya ɗan fi kaurin bango yadda zai shiga cikin akwati ta kowane gefe, goge bakunansa da wuƙa ko sanfefa su yi sumul, ka tura shi. Bututun yana hana wayar faɗawa kogon bulo, kuma ran da za a canja ta zaro ta kawai za a yi.

Haɗa kawunan wayoyin uku da tef, tura daga ciki, wani ya karɓa a waje. Ba fizga. A bar rarar santimita 20 a kowane akwati. Kada a yi haɗi a cikin bango ko cikin bututu, duk haɗi ya kasance cikin akwatin da za a iya buɗewa, da abin ɗaure waya mai sukuru, ba murɗawa da baƙin tef ba. Tef a zafin Sakkwato narkewa yake yi ya saki.

Idan abin da za a jona yana daidai bakin ramin, akwatin waje ya zauna a kansa, waya ta shigo ta bayansa, a zagaye sama da gefunan akwatin da silikon a bar ƙasan don danshi ya samu mafita. Idan wayar za ta yi tafiya, bututu ya fara gangarowa ƙasa daga ramin kafin ya nufi inda za shi, kuma ya shiga kowane akwati ko fitila ta ƙasa. Inda kebul mai kauri ne ba bututu, a bar masa ɗan lanƙwasa ƙasa da bakin ramin, ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a nan maimakon ya hau ya shiga bango.

Wayoyin nan guda guda na cikin bututu ba a yi su don rana ba, ko taƙi ɗaya kada ya fito fili. Bututun ma rana tana sa shi laushi ya yi ciki, don haka ina sa maɗauri kowace rabin mita, da fisha da sukuru, ba ƙusa ba.

In za a ratsa tsakar gida zuwa burtsatse ko shago, binnewa ta fi ratayewa. A yi amfani da kebul mai sulken ƙarfe, a haƙa zurfin santimita 50 zuwa 60, a shimfiɗa yashi mai laushi ƙasa da sama, a jera bulo ko tef na gargaɗi a kai kafin a mayar da ƙasa, saboda wanda zai zo haƙa ramin shuka ko turken rago bayan shekaru. Sulken a haɗa shi da at. Idan dole sai ta sama, a ɗaure kebul ɗin a jikin wata wayar ƙarfe da za ta ɗauki nauyinsa, tsayin ya kai mita 3 da rabi inda mutane ke wucewa, fiye da 5 inda mota ke shiga. Kada ya kwanta a bakin kwanon rufi, kuma kada ya yi ƙasan da za a mai da shi igiyar shanya.

Toshewa

Giɓin da ke tsakanin bututu da bango, in ƙarami ne silikon ya isa. In babba ne, yayyafa wa wurin ruwa, cika da kwaɓin siminti ɗaya yashi huɗu, riƙa jiƙa shi kwana biyu don kada zafi ya busar da shi ya tsage, sannan ka bi da silikon. A ginin ƙasa a cika da irin ƙasar ginin, domin siminti ba ya kama ƙasa, rabuwa suke yi su bar tsaga. Bakin bututun kansa, inda wayoyi suka fito, a toshe shi ciki da waje. Wannan ƙaramar kafa ita ce hanyar tururuwa, kyankyasai, kunama da ƙurar hunturu, kuma zanzaro na son gina ɗakinsa a cikin akwatin soket.

Haɗawa da gwaji

Nan mai wayarin zai karɓa. Ka nace a kan abu biyu ko da ya ce ba a saba ba. Na ɗaya, layin waje ya bi ta na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara bin jikin mutum ko ruwa. Bireka ta gama-gari waya take karewa daga ƙonewa, ba ta san mutum ya kama wuta ba. A waje kuwa mutane ba takalmi suke tafiya, ana alwala, ana wanki, ƙasa a jiƙe. Na biyu, ya gwada at ɗin gidan da mita ya tabbatar tana aiki. A gidaje da yawa koriyar wayar tana nan a soket amma ba ta isa ko'ina ba, ko sandar da aka kafa a ƙasa ta yi tsatsa ta rabu da wayarta. Ƙasarmu kuma tana bushewa ƙwarai da rani, abin da ke raunana at, don haka sandar ta yi zurfi, a wurin da ke samun danshi.

Makunnin layin waje ya kasance a cikin gida, mai yanke layi biyu, wato mai wuta da nutural, yadda in hadari ya taso ko za a yi tafiya a kashe shi daga ɗaki. Bayan an mayar da wuta, danna maɓallin gwaji na RCD ka ga ta faɗi, kuma ka riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni. Kunna abin da aka jona ya yi rabin sa'a, kashe, ka taɓa murfin akwati da soket, bai kamata su yi ɗumi ba.

Gwaji na ƙarshe sai ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, wajen watan Yuni. Washegari ka kashe layin, ka kwance murfin akwatin waje ka duba ko akwai ruwa ko laka a ciki, ka shafa bangon ɗaki ƙasa da ramin ka ji ko da sanyin danshi. In akwai, kankare tsohon silikon gaba ɗaya, bari wurin ya bushe, ka sake sabo, don sabon silikon ba ya kama tsoho.